Na'urar auna bugun zuciya da zafin jikin manoman rani: me ya kamata a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin injiniyan lantarki. Ni da wani likita muna son nazarin yadda zafin bazara ke galabaitar da manoman rani a yankin Kadawa, tsakanin Kura da Garun Malam. Niyyarmu mu haɗa agogon hannu guda 30 masu auna bugun zuciya, zafin jiki da oksijin na jini, su riƙa turo bayanai kai tsaye ta intanet. Na sayi ESP32 (ƙwaƙwalwar na'urar), MAX30102 (sensar bugun zuciya da oksijin) da SIM800L (mai tura bayanai ta layin waya). A kan tebur komai yana aiki, amma batir ba ya kai la'asar, kuma da mutum ya motsa sai lambobin su rikice. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Matsalolin nan biyu duk suna gyaruwa, sai dai gyaran ya wuce canza layi biyu a manhaja. Ka soma da tunanin yadda bayanai za su isa intanet, alhali farkon abin dubawa shi ne mutumin da zai ɗaura na'urar: ina za ta zauna a jikinsa, wane aiki yake yi, sau nawa ruwa zai taɓa ta, wa zai yi mata caji. Shawarata a dunƙule ita ce ka cire SIM800L daga jikin mutum, ka ajiye maganar oksijin, ka ɗauke na'urar daga wuyan hannu ka mayar da ita damtse, sama da gwiwar hannu, sannan ta riƙa adana bayanai a cikinta, a zo a kwashe bayan kwana biyu ko uku.

Batir tukuna, tunda lissafinsa a fili yake. SIM800L a lokacin da yake neman sabis yana fizgar wuta har 2 A na ɗan ƙiftawa, kuma a gona inda sabis ke da rauni ya fi yawan yin hakan. Batirin 200 mAh irin wanda zai shiga agogo ba zai iya ba da wannan ba, wutar sai ta faɗi, allon ya mutu ya sake tashi. ESP32 kuwa idan Wi-Fi yana aikawa yana jan har wajen 240 mA. Akwai kuma ɓarayin da ba a lura da su. Yawancin allunan gwaji suna ɗauke da regileta AMS1117 mai daidaita ƙarfin wuta, wadda ke shan kimanin 5 mA ko da komai yana barci, ga ƙwan LED mai nuna akwai wuta yana shan nasa 2 mA. Ka ɗauka kashi 80 cikin ɗari na batirin ne za ka mora, wato 160 mAh. Raba shi da 7 mA, sa'a 23 ke nan, tun ba a auna komai ba.

Abin da ya dace da wannan aiki shi ne aisi (IC, 'yar ƙwaƙwalwar lantarki) mai Bluetooth mai ƙarancin shan wuta, kamar nRF52832 ko nRF52840 na kamfanin Nordic. Suna jan kusan 5 mA ne a daidai lokacin aikawa, a barci kuma kusan 2 µA. Ka haɗa da regileta irin MCP1700 ko TPS62740, waɗanda abin da suke sha don kansu bai kai 2 µA ba. Sai kuma ka daina aunawa ba tsayawa. Zafin da kake nazari ba cikin daƙiƙa yake hawa ba, don haka auna bugun zuciya na daƙiƙa 30 a kowane minti 5 ya wadatar. Idan na'urar tana jan 2.5 mA lokacin aunawa, matsakaicin ya zama 0.25 mA. Ƙara sensar motsi, sanarwar Bluetooth da rubutu a ma'adana, ka ce 0.4 mA gaba ɗaya. Batirin nan na ɗazu zai kai sa'a 400, sama da mako biyu. Wannan lissafin takarda ne, dole ka sa mita mai iya karanta µA ka tabbatar, domin ƙafa ɗaya ta aisi da aka bari tana lilo ko resista ɗaya da aka manta tana iya ninka adadin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato rikicewar lambobi. MAX30102 haske yake harbawa cikin fata, ja mai tsawon zango 660 nm da wanda ido ba ya gani (infrared) mai 880 nm, sai idon da ke gefe ya karɓi abin da ya dawo. Duk bugun zuciya jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyi, hasken da ke dawowa ya ɗan ragu. Wannan ragin ƙanƙane ne, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na hasken ba. An tsara wannan aisi ne musamman don yatsa ko kunne, inda jini ya wadata. A wuyan hannu akwai ƙashi da jijiyoyin motsa yatsu, da mutum ya damƙi ƙotar fartanya sai naman da ke ƙarƙashin sensa ya sauya siffa, siginar motsi ta danne ta zuciya. Mafi muni ma, saran fartanya, yankan lauje da bugun shinkafa suna tafiya da kari, wajen sau ɗaya a daƙiƙa, wato cikin zangon da kake neman bugun zuciya, 0.5 zuwa 4 Hz. Matatar sigina da ka rubuta a manhaja ba za ta bambance su ba. Za ta ba ka lamba mai kyan gani, amma saran fartanya take ƙirgawa.

Gyaran yana da rassa. Na farko wurin ɗaurawa. A damtse nama ya fi kauri, ba ya murɗewa da motsin yatsu, kuma hannun riga yana kare sensa daga rana. Hasken rana da ya kutsa ta gefe yana cika idon sensa har ya daina gani, don haka ko a damtsen sai ka yi wa tagar sensa zobe na baƙar roba mai laushi, ka kuma sa katanga baƙa tsakanin ƙwan da ke harbawa da idon da ke karɓa, kada haske ya bi ta gilashi ya tsallake fata. Tagar ta ɗan fito daga kwanso da kamar milimita ɗaya don ta kwanta sosai. Maɗauri ya kama har na'urar ba ta zamewa, amma yatsa ɗaya ya iya shiga. Idan ya matse da yawa yana korar jinin da kake aunawa.

Akwai kuma dalilin da littattafan waje ba za su faɗa maka ba: alwala. Sau biyar a rana manomi zai wanke hannu har gwiwar hannu, kuma yana son ruwa ya game fatar. Abin da ke wuyan hannu zai cire shi, wani lokaci ya mayar, wani lokaci ya manta shi a gindin bishiya. Damtse yana sama da inda wankin ya tsaya.

Na biyu launin haske. Kore, wajen 530 nm, ba ya shiga da zurfi, shi ya sa motsi bai cika dagula shi ba, kuma shi agogunan kasuwa ke amfani da shi. MAX30101 yana da kore, sai dai ƙwansa yana son wuta kusan 5 V, ke nan sai ka ƙara 'yar da'irar ɗaga wuta. Amma ka sani sinadarin da ke sa fata duhu ya fi shanye kore fiye da ja. Fatar manomin da ya shekara a rana tana mayar da haske kaɗan, saitin da ya zo da laburaren manhajar da ka sauke kuwa ba da ita aka gwada shi ba. Kada ka kafe wutar LED a adadi guda. Ana saita ta daga sifili zuwa wajen 50 mA, taki-taki na 0.2 mA. Ka sa manhaja, duk lokacin da za ta fara aunawa, ta ɗaga ko ta rage wutar har matsakaicin sigina ya zauna a tsakiyar ma'auni, wanda ƙarshensa 262,143 ne, ta kuma rubuta adadin da ta yi amfani da shi. Idan da hali ka ɗauki kore da infrared tare, domin a wasu mutanen na biyun ne zai cece ka.

Na uku sensar motsi, irin LIS2DH12 ko ADXL362, a allo ɗaya da sensar haske, ana karanta su da agogo ɗaya. Hanya mafi sauƙi da amana ita ce ka jefar da duk yankin da motsi ya wuce iyaka, ka jira lokacin da mutum ya ɗan tsaya. Manomi yana miƙewa, yana shan ruwa, yana gyara bakin magudana don ruwa ya wuce. Ka sa sensar motsi ta tashi aisi da zarar an samu daƙiƙa biyar na natsuwa, ka ga ka sami bugun zuciyar hutawa bayan aiki, wanda shi ma ma'auni ne mai daraja. Ƙa'idar ACGIH, ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata ta Amurka, tana ɗaukar bugun da ya haura 120 minti ɗaya bayan tsananin aiki, ko wanda ya daɗe sama da 180 a debe shekarun mutum, a matsayin alamar zafi ya yi wa jiki yawa.

Wata 'yar matsala da ke ɓata wa ɗalibai mako guda: wasu allunan MAX30100 da MAX30102 masu arha an ɗaure resistocin layin I2C ɗinsu (layin da sensa ke magana da aisi) da 1.8 V, sai aisi mai 3.3 V ya riƙa gani yana ɓacewa. Ka auna layin da mita, idan haka ne ka cire su ka sa 4.7 kΩ zuwa 3.3 V.

Maganar oksijin na ce ka ajiye ta, ga dalili. Lambar SpO2, wato ta yawan oksijin a jini, ba daga lissafi zalla take fitowa ba. Masu ƙera na'urar asibiti suna rage wa masu sa kai oksijin a ɗakin gwaji har zuwa kashi 70, suna ɗibar jinin jijiya suna kwatantawa, kamar yadda ƙa'idar ISO 80601-2-61 ta tanada. Ba ka da wannan damar. Su kansu na'urorin da suka bi wannan hanya suna da matsala da baƙar fata. Binciken da Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka fitar a Disambar 2020 ya nuna cewa ƙarancin oksijin da na'ura ta kasa ganowa ya kai kashi 11.7 a baƙaƙen marasa lafiya, a farare kuma 3.6. Baƙin lalle a yatsa ma yana tare hasken, idan akwai mata a binciken. Sannan tambayarku ta zafi ce, oksijin ba zai ƙara mata komai ba. Lambar da ba za ka iya kare ta a gaban masu jarrabawa ba, gara babu ita.

Zafin jiki shi ma akwai tarko. Sensocin zafi TMP117 da MAX30205 suna da daidaito na 0.1°C, amma zafin fata suke aunawa, likitanka kuwa zafin cikin jiki yake nufi, wanda ake so kada ya wuce 38°C a ma'aikaci. Fata takan zauna tsakanin 33 da 35, kuma idan gumi yana bushewa a iska tana iya yin sanyi alhali ciki yana ƙara zafi. Ka rubuta shi da sunansa, zafin fata. Idan ana son ƙiyasin na ciki, akwai hanyar da Buller da abokansa na cibiyar binciken sojan Amurka suka wallafa a 2013, wadda ke ƙiyasta shi daga jerin bugun zuciya na minti-minti. Idan za ku bi ta, sai tazarar aunawa ta dawo minti ɗaya a lokutan aiki, ka sake lissafin batir, kuma ku tuna da matasan sojoji aka gina ta, ba dattawan manoma ba. Wajen haɗawa, ka ware sensar zafi daga sauran allo da tsaga, ko ka ɗora ta a siririn allo mai lanƙwasa, ta taɓa 'yar hular bakin ƙarfe mara tsatsa da ke kan fata. In ba haka ba zafin LED da na batir za ta riƙa karantawa. Kwanso ya zama fari. Baƙin kwanso a ranar Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura 40°C, murhu ne. Kafin fita, ka ɗaure dukkan na'urorin a leda, ka nutsa su cikin kula mai ruwa a 30, 35 da 40°C tare da amintaccen ma'aunin zafi, ka rubuta gyaran kowace.

Adana bayanai. Kada ka ajiye lambar bugun zuciya kaɗai, ka ajiye ɗanyen sigina, domin duk lokacin da ka inganta lissafinka za ka iya komawa kansa. Launi biyu, bayit 3 kowanne, sau 50 a daƙiƙa, bayit 300. Motsi kusurwa uku, bayit 2, sau 25, bayit 150. Jimla 450 a daƙiƙa, kusan MB 39 a yini idan ba tsayawa, amma da tsarin daƙiƙa 30 a minti 5 ya dawo MB 3.9. Ma'adana W25Q128 mai MB 16 za ta ɗauki kwana huɗu. Na fi son ta a kan katin memori, domin kati yana jan wuta da yawa wajen rubutu, gumi da ƙura suna cin bakinsa, kuma idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu fayil ɗin duka yana iya lalacewa. Ka riƙa rubutawa ƙunshi-ƙunshi, kowanne da lambar jeri, lokaci da lambar tantancewa.

Lokaci kuwa shi ne abin da ake rainawa har sai ya rusa bincike. Kiristal ɗin agogo na 32.768 kHz mai kuskuren 20 ppm (20 cikin miliyan) yana zamewa ƙasa da daƙiƙa 2 a yini, agogon cikin aisi kuwa yana iya zamewa daƙiƙa 20 zuwa 40. Sa kiristal. Duk ranar kwasar bayanai waya ta rubuta lokacinta da na na'ura gefe da gefe. Idan batir ya mutu aka sake tashi, na'urar ta yi wa bayanan alama cewa agogonta ba abin dogaro ba ne.

Kwasar ta Bluetooth za a yi, da wayar ma'aikacin bincike. Ka nemi a faɗaɗa ƙunshin aikawa zuwa bayit 247, domin na asali bayit 20 kacal yake ɗauka. Idan ka samu kB 30 a daƙiƙa, bayanan kwana uku za su ɗauki kimanin minti 7. Wayoyin Android masu arha suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, saboda haka allon waya ya kasance a kunne, kuma na'ura kada ta goge komai sai waya ta tabbatar ta karɓa daidai. Jikin mutum ruwa ne, yana shanye zangon 2.4 GHz, don haka eriya ta kasance a gefen da ke kallon waje, ba batir ko tagulla a ƙarƙashinta. Da yamma a koma inda sabis yake a tura. Idan lallai sai an ga wani abu kai tsaye, LoRa, rediyo mai dogon zango da ƙarancin shan wuta, a 868 MHz zai kai taƙaitaccen saƙo na bayit goma sha wani abu zuwa eriyar da aka ɗora kan tankin ruwa, ɗanyen sigina kam ba zai bi ta nan ba. Amma ku tambayi kanku: idan ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfe biyu na rana, wa zai hau babur ya je? Idan babu, kada ku yi wa mutane alkawarin ana kallon lafiyarsu.

Kwanso da caji. Ramin USB ba ya shekara a gona, gumi mai gishiri da laka za su cinye shi. Yi amfani da ƙusoshin caji masu maganaɗisu, ka shafe allon da fanish na lantarki banda tagar sensa. Kwanson da aka buga da injin 3D na zare yana tsatsafo da ruwa ta tsakanin layuka, sai an shafe shi. Gwajin hana shigar ruwa na IP67 shi ne zurfin mita ɗaya na minti 30: sa takarda mai laushi a kwanso mara komai, ka ɗaura masa dutse ka nutsa a tanki. Ka maimaita bayan ka shanya shi a rana, domin iskar ciki da ta yi zafi tana tsukewa idan ta haɗu da ruwan sanyi, ta zuƙo ruwa ta bakin murfi. Maɗauri na yadi mai roba ya fi silikon, wanda ke tara gumi ya kawo ƙuraje. Kowa a ba shi biyu yana wankewa, yana kuma sauya damtse.

Allon caji TP4056 yana zuwa a saite kan 1 A, wanda ya yi wa batirin 200 mAh yawa ƙwarai, yana iya kumbura. Aisin caji MCP73831 da resista 10 kΩ zai ba ka 100 mA. Batirin lithium ba a yi masa caji sama da 45°C, ke nan ba a rana ba, ba a shagon kwano da tsakar rana ba. Guda 30 a 100 mA wat 15 ne kawai, ƙaramar sola da batirinta sun isa a yi da dare. Ba a caji na'ura tana jikin mutum, ko kusa. Ku haɗa 40 don mutum 30, saboda wasu za su sha ruwa, wasu su ɓata.

Kafin mutum na farko ya ɗaura, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, bisa ƙa'idar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka lamba za a rubuta a na'ura ba suna ba, a rufe hanyar Bluetooth da makulli, kuma kada a sa GPS tunda ba a buƙatarsa. Mutanen Kano suna da dalilin yin tambaya. Gwajin maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ba su bar zukata ba. A bi ta hannun hakimi, dagaci, mai unguwa da liman, da shugabannin ƙungiyar masu ban-ruwa. A buɗe kwanso ɗaya a gaban jama'a su ga cikinsa, a nuna babu kyamara, babu abin naɗar magana, babu allura, hasken nan kuma ba ya shan jini. Masu binciken su fara ɗaurawa a nasu damtsen. A bayyana cewa ba magani ba ce, kuma duk mai son cirewa ya cire ba tare da ya rasa komai ba.

Sai tantancewa. Ka samo bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya irin Polar H10, mutum 10 zuwa 15 daga cikin manoman su ɗaura shi tare da taka, a zaune, a tafe, da kuma a bakin aiki na gaske. Ka kwatanta da hanyar Bland da Altman, wadda ke nuna yadda na'urori biyu suka dace da juna, kowane irin aiki daban, ka faɗi kashi nawa na bayanan ka jefar. Ma'aunin da aka saba shi ne kuskure kada ya wuce bugu 5 a minti ko kashi 10. Gwaji da abokan ajinka a ɗaki mai fanka ba ya cikin lissafi. A takardar kowane mutum a rubuta ko yana azumi, domin ƙishirwa tana ɗaga bugun zuciya, kuma azumin 2024 da na 2025 duk sun shiga Maris. A rubuta zazzaɓi, maganin hawan jini, goro da shayi.

Kayan da ka saya ba su zama asara ba. Bugun zuciya ba shi da ma'ana sai an san zafin da mutum yake ciki, kuma ma'aunin da ake amfani da shi shi ne WBGT na ƙa'idar ISO 7243, mai haɗa awon zafi uku na muhalli: kashi 0.7 na ma'aunin zafin da aka naɗe da jiƙaƙƙen lagwani, 0.2 na wanda ke cikin baƙin ƙwallon tagulla mai faɗin santimita 15, da 0.1 na zafin iska a inuwa. Ka kafa wannan tasha a tsakiyar gona, tsayin mita 1.1, da ESP32 da SIM800L, babban batir da sola, ka liƙa kafasita 1000 µF dab da ƙafafun SIM800L don ta tare fizgar nan. Ka samu yaro a ƙauyen da zai riƙa ƙara wa lagwanin ruwa mai tsabta kowace safiya, ya goge ƙurar ƙwallon, a kuma biya shi.